Surukina Mai Jinyar Katako

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, tabarma huɗu aka shimfiɗa a ƙofar gida, biyu ba su cika ba. Ba wai mutanen unguwarmu ta Shamaki ba su da zumunci ba ne. Sa'o'insa ne suka riga shi tafiya, waɗanda suka rage kuma ƙafa ta hana su fita. Matasa suka zo, suka yi addu'a, suka shafa, suka tashi. A cikin gida mata suna ta shigowa, kowace da maganar da ake yi wa kowane mamaci: mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa, Allah ya jiƙansa. Na yi ta cewa amin har muryata ta dushe.

Wata mata da ban sani ba ta ga yadda idona ya kumbura, sai ta tambayi ta kusa da ita, "Wannan 'yarsa ce?"

Aka ce mata, "Matar ɗansa ce."

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Suruki ake yi wa wannan kukan?"

Adda, yayar maigidana, tana raba ruwa a lokacin. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ku ƙyale ta. Duk cikinmu ta fi mu saninsa."

Sai a rana ta uku aka samu wadda ta faɗi abin da ya yi kama da shi. Wata tsohuwa ce daga unguwar Bagadaza, jikarta ta riƙo ta har tsakar gida. Ta zauna da ƙyar, ta ce, "Shi ya ceci akwatin uwata. Ƙwaro ya cinye gindinsa, 'ya'yana suka ce a fasa a yi girki da shi. Wata biyu yana hannun wannan bawan Allah. Yana nan har yau, a ciki na ajiye likkafanina." Sannan ta ce, "Yanzu kuma wa za a kai wa?"

Ni kuwa tun daga ranar nake jin cewa in ban rubuta abin da na sani ba, shekara kaɗan za a yi a manta an taɓa yin sa.

Shekara tara muka yi a gida ɗaya. Inna, matarsa, ta rasu kafin a kawo ni, ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Shekara biyu da aurenmu maigidana ya samu aiki a Fatakwal, ya koma zuwa gida sai da salla ko in an ba shi hutu. Adda tana aure a Kumo. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, Baba kuma bai taɓa ɗaga wannan maganar ba, ko da wasa. Gidan mai ɗaki biyar ya zama daga ni sai shi, ni a ciki, shi a ɗakin da ke kusa da zaure, tsakaninmu da tsakar gida da kuma kunya.

Bai taɓa kiran sunana ba. Malama yake ce mini, saboda ina koyarwa a firamare. In zai shigo tsakar gida sai ya yi gyaran murya sau biyu ya jira. In na gama abinci na kai bakin ƙofarsa, na durƙusa na ce, "Baba, ga abinci," ya ce, "Madalla, Malama." A shekarun farko, in aka tattara duk maganar da muke yi a mako, ba za ta cika shafi ɗaya ba.

Kafinta ne tun yana saurayi, amma lokacin da na san shi ya daina ƙera sabo. Hannu ya yi rauni, kuma mutane sun koma sayen kujerun soso da kabad na garin katako da aka manne, waɗanda in suka lalace sai a yar. Abin da ya rage masa shi ne jinyar tsofaffin kaya da ƙwaro ya kama. Shi da kansa jinya yake kiran aikin. Ana kawo masa akwati, ko kujerar tsugunno, ko allon ƙofa, ya jingine su a zaure kamar marasa lafiya masu jiran layi.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba Adda kunya. Duk katakon da ya gani sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya karkata kunne. Gidan biki ne, gidan gaisuwa ne, asibiti ne, duk ɗaya. Yakan ce, "Katako ba ya ɓoye ciwonsa, mutane ne ba sa tambayarsa." In kuma aka zo aka ce masa gara ta ci kaya, sai ransa ya ɗan ɓaci. "Gara daga ƙasa take zuwa, da laka a bakinta. Wannan mai huda rami kamar na allura yana zubo gari, ƙwaro ne, kuma yawanci a cikin katakon aka sayo shi. Kada ku ɗora wa gara laifin da ba nata ba."

Abokinsa ɗaya ne ya rage, maƙwabcinmu na gidan da ke kallon namu, wani dattijo Batangale, tsohon direban babbar mota. Kullum da hantsi suna kan benci a ƙofar gida suna gardama. Maƙwabcin ya ce baƙin mai na mota ya fi komai kashe ƙwaro, Baba ya ce baƙin mai ɓata katako yake yi, aikin direbobi ne. Shekara da shekaru ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Amma da ƙwaro ya kama bencinan cocinsu, shi ya ɗauki Baba ya kai shi har can, kuma Baba ya yi mako guda yana zuwa, bai karɓi komai ba sai ruwan sha.

A falon tsakiya akwai wani kabad, dogo, ja, mai ƙofa biyu. Baba ne ya ƙera wa Inna shi shekarar da suka yi aure. Kwanukanta suna ciki yadda ta bar su. Bayan kabad ɗin duk ramuka ne ƙanana, ba su ƙirguwa. Duk ranar Juma'a da safe Baba yakan yi gyaran murya ya shigo, ya goge shi da tsumma, ya fita.

Ni ma ina da nawa abin. Gadona da madubina mahaifina ne ya saya mini. Bai wakilta kowa ba, da ƙafarsa ya je kasuwa ya zaɓa, alhali ciwo ya riga ya fara cinsa. Wata bakwai da bikina ya rasu. Gadon nan shi ne abu na ƙarshe da ya yi mini a duniya.

A shekara ta huɗu, wata Asabar ina shara, na ga wani gari fari mai laushi a ƙarƙashin gadon, tsibi-tsibi kamar an zuba da cokali. Na share. Bayan kwana biyu ya dawo. Na leƙa da fitilar waya, sai ga ramuka a katakon gefe. Nan take zuciyata ta tafi kan kabad ɗin Inna, tunda bango ɗaya ne ya raba su. Na ce wannan tsohon kayan ne ya shafa wa gadon ubana ciwo.

Da na bi hanya, da na je na durƙusa na gaya wa Baba. Amma yaya zan dubi surukina in ce masa kayan matarsa ne ke cinye nawa? Kunyar da ta hana ni magana ba ta hana ni aikata abin da ya fi maganar muni ba. Na jira har ya tafi Kumo sunan jikarsa, kwana biyu zai yi. Na kira masu turin baro biyu, na kwashe kwanukan na jera a kwali, suka fitar da kabad ɗin suka jingine shi a jikin katangar baya. Na gaya wa kaina cewa rana zai sha, ai shi ma Baba haka yake yi.

Washegari da la'asar ina makaranta wajen taron malamai, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan farko ne na shekarar, irin mai zuwa da iska. Kafin in samu keken haya in iso gida an yi awa biyu ana zuba. Iska ta kayar da kabad ɗin ta fuska, ƙofa ɗaya ta ɓalle, bayansa ya sha ruwa ya kumbura ya tsage gida uku.

Da Baba ya dawo na ji shi ya shiga falo, na ji shirun da ya biyo baya, na ji takunsa ya nufi wajen katangar baya. Ina ɗaki ina jiran ya kira ni, ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ta taga na hango shi ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar da ta ɓalle, ya daɗe a haka. Daga baya ya kira maƙwabcinmu suka ja kabad ɗin zuwa zaure.

Ranar na kai abinci na ce, "Baba, ga abinci." Ya ce, "Madalla, Malama." Da na koma ɗaukar kwano, yadda na rufe shi haka na same shi. Haka washegari. Haka har kwana goma sha ɗaya. Kullum ya amsa da madalla, kullum kwano ya dawo a cike. Daga gidan maƙwabci ake miƙo masa kunu.

Na kira maigidana na gaya masa. Ya ce, "Kabad ɗin Inna? Kin san abin da kika taɓa kuwa?" Ya kashe wayar. Adda ta zo daga Kumo ta wanke ni tas, ta koma. Ni kuwa har lokacin ina ganin ina da tawa gaskiyar. Kowa yana maganar kayan uwarsu, ba wanda ya tambayi na ubana.

A rana ta goma sha biyu na kasa. Na same shi a zaure da hantsi yana cire ƙusoshi daga bayan kabad ɗin. Na durƙusa daga nesa na ce, "Baba, na yi laifi. Ka yafe mini."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Me ya yi miki?"

Na ce, "Ƙwaronsa ne ya kama gadona. Gadon da mahaifina ya saya mini." Ina faɗin haka kuka ya ƙwace mini.

Ya ajiye guduma. Ya ɗauki wani ɓallin katako daga bayan kabad ɗin ya turo mini shi a ƙasa. "Duba bakin ramukan nan. Wane launi ne?"

"Baƙi ne, Baba."

"Na gadonki fa?"

Na yi tunani. "Fari ne."

"To. Baƙin rami kango ne, mai shi ya daɗe da mutuwa. Shekara shida ke nan rabon kabad ɗin nan da ƙwaro mai rai, ni na kashe su da hannuna, tana zaune a nan tana kallona. Lokacin da na ƙera shi ban da ƙarfin sayen maɗaci gaba ɗaya, shi ya sa na yi bayansa da farin katako. Laifina ne, kuma na biya." "Malama, da kin tambaye ni."

Na ce, "To daga ina nawa ya samu?"

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi maganar, kamar shi ne mai laifin. "Da shi ya zo. Ranar da aka kawo jerenki, da ake shigar da shi ta zauren nan, na ƙwanƙwasa shi. Ɗanyen katako aka sayar wa mahaifinki, aka rufe da fenti. Ba laifinsa ba ne, ba sana'arsa ba ce."

"Baba, ka sani tun ranar? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In ce wa mutumin da ya kawo mini 'yarsa, yana tafiya da ƙyar, kayan da ya yi mata ba su da kyau? Bayan ya rasu kuma, ta ina zan fara? Na ce in gari ya fara zuba za ki zo ki gaya mini. Ina ta jira."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Ya ce, "Ni ba zan shiga ɗakinki ba. Ki sa a kwance gadon a fito da shi tsakar gida. Kuma ki zo mini da guntayen alli daga makaranta." Da rana na kai abinci. Kwanon ya dawo babu komai.

Mako uku muka yi a kan gadon nan. Idonsa ya riga ya fara rauni, ba ya ganin ƙananan ramukan, don haka ya zama in na dawo daga makaranta ni ce mai nema. In na ga rami na zagaye shi da alli, shi kuma ya bi da sirinji, ya ɗura kananzir da ya haɗa da maganin ƙwari, rami bayan rami, har sai ya ga ya daina shanyewa. Ya sa na ɗaura ƙyalle a hanci, shi kuwa ya ƙi, wai hancinsa ya saba. Muka naɗe katakan a baƙar leda, duk ranar da rana ta buɗe mu fitar da su su gasu, in hadari ya taso mu ruga da su rumfa. Bayan nan ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙarƙashinsu, ya ce a bar su kwana bakwai kada a taɓa. Na ƙosa, na ce tunda an sa magani me zai hana a toshe ramukan. Ya ce, "Garin da kike gani aikin jiya ne, mai aikin yana ciki. In kika toshe yanzu, ɗaki kika gina masa." A kwana na biyar gari ya zubo a wuri biyu. Muka sake daga farko. Sai da ƙyallen ya kwana bakwai fes, sannan ya narka kakin zuma ya cuɗa da garin zarto ya bi ramukan ya toshe.

A cikin makonnin nan ne na fara jin muryarsa da gaske. Kansa a sunkuye, idonsa a kan katako, sai magana ta riƙa fitowa. Ya ba ni labarin Inna, yadda take da faɗa, yadda ta taɓa ɓoye masa zarto kwana uku don ya ƙi zuwa asibiti. Ya ce tun da ta tafi ba wanda ya ƙara yi masa tsawa, kuma bai san zai yi kewar tsawa ba. Ni ma na ba shi labarin mahaifina. Ban taɓa ba kowa a gidan ba, har maigidana.

Katakon gefe ɗaya ya riga ya mutu, in ka matsa shi da yatsa sai ya burma. Baba ya ce a bar masa wannan. Kwana biyu ina jin ƙarar zarto a zaure, yana yi yana hutawa. Ranar da aka mayar da gadon aka ɗaura, na ga sabon gefen ja ne, santsi, ya fi sauran nauyi. Na san launin nan. Na fita zaure da sauri. Kabad ɗin Inna yana kwance, an cire masa gefe guda.

Na ce, "Baba, ai da an gyara shi. Maɗacin jikinsa lafiya lau ne."

Ya ce, "Da an gyara. Amma maɗaci irin wannan babu shi a kasuwa yanzu, wanda ya shekara hamsin yana bushewa. Ƙwaro ba ya kusantarsa, ɗaci gare shi." Ya kakkaɓe garin zarto daga rigarsa. "Da tana nan, da ta yi miki faɗan da ba ki taɓa ji ba. In ta gama kuma ta ce a ba ki. Na san ta."

Kabad ɗin bai ƙara tsayuwa ba. Kwanukan Inna suka koma ɗakinsa a cikin kwali.

Ba zan ce daga ranar mun zama masu hira ba. Kunya ba ta tashi ba, ta dai matsa ta ba mu wuri. In an kawo masa aiki yakan yi gyaran murya ya ce, "Malama, in kin samu sarari, a ara mini ido." Sai dai aikin ya yi ta raguwa. Na taɓa ji da kunnena wani matashi da ya kawo teburin kakarsa, da Baba ya ce masa sai an yi wata guda, ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wata guda? Bari kawai mu sayi sabo." Ya bar teburin bai dawo ba. Baba ya yi jinyarsa duk da haka, ya goge shi, ya ajiye a zaure yana jiran mai shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranakun Lahadi, in na kira masa ɗansa a waya. Tun safe yake shiri, ya sa hula, ya zauna a gefen gado kamar mai jiran baƙo. In na miƙa masa wayar sai ya ce, "Lafiya? Ya aiki? Ya ruwa a can?" Ɗan ya ce, "Lafiya lau, Baba. Ya jiki?" Daga nan su duka biyun su yi shiru, ina jin numfashinsu. Can sai Baba ya ce, "To, Allah ya yi albarka," ya miƙo mini. Wata rana bayan an kashe ya ce, "Ina da maganganu da yawa, amma in na ji muryarsa sai su gudu." Suna son juna, ban taɓa shakka ba. Ba su dai san ta inda ake farawa ba, kuma nisa bai taimaka ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, kwana shida ne. Ranar ƙarshe da safe ya sha kunu cokali uku, ya ce in buɗe taga. Na buɗe. Ya ce, "Malama, an gode." Na ɗauka kunun yake nufi, na ce ba komai, na fita wanke kofi. Da na dawo ya riga ya tafi. Maigidana yana hanya lokacin da aka sallaci Baba bayan azahar, sai washegari ya iso, ya wuce maƙabarta shi kaɗai. Da ya dawo ya shiga ɗakin Baba ya rufe ƙofa, na bar shi.

Bayan addu'ar bakwai gida ya watse. Adda ta koma Kumo. Maigidana ya koma bakin aiki, ya ce in an yi hutun zango in tattara in same shi, tunda yanzu babu abin da zai riƙe ni a Gombe. Na ce to.

Ranar Litinin na koma makaranta. Da na dawo da rana na tura ƙofar zaure na yi sallama, kamar yadda na saba. Na tsaya riƙe da jaka ina jira. Shekara tara ban taɓa wuce zauren nan ba sai an amsa mini, ƙafata ta ƙi ɗagawa. Ina nan tsaye, ban shiga ba, ban fita ba, sai na ji murya daga bayana, daga tsallaken hanya. Maƙwabcinmu ne, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa.

Ya ce, "Wa alaikumus salam, Malama. Shiga. Na amsa a madadinsa."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da Inna a inda ba a rabuwa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙurin zama.